Tsintsiya da tikitin jirgi

Sanarwa biyu aka karanta a majami'armu a sujada ɗaya, kuma yadda aka karɓi kowacce shi ya hana ni sakat. Ta farko ta matasan da za su ƙetare teku ce, tafiyar mishan ta mako biyu. Za su yi wa wata makaranta fenti, su ziyarci gidan marayu, su koya wa yara waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki. Aka kira su gaba, aka ɗora musu hannu, aka yi doguwar addu'a, aka zaga da baiko na musamman.

Ta biyu sai can ƙarshe ta zo, tsakanin cigiyar makulli da lokacin koyon waƙa: ranar Asabar za a kwashe sharar da ta toshe magudanar ruwan layin, mai shebur ko safar hannu ya zo da abinsa. Asabar ta yi, waɗanda suka fito ba su cika benci ɗaya ba, kuma yawancinsu iyaye mata ne.

Da na tambayi ɗaya daga cikin matasan abin da ya hana shi fitowa, cikin ladabi ya ce min, "Baba, ai wannan aikin hukuma ne. Mu aikin Ubangiji muke shiryawa."

Yaron kirki ne, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Mu manya muka koya masa wannan amsa, ta hanyar abin da muke yi wa tafi da abin da muke wucewa kamar ba mu ji ba.

Ga matsayina tun da wuri. Kwashe sharar unguwa hidima ce cikakkiya, ba ta gaza tafiyar mishan da komai ba. Gajeriyar tafiya kuwa, idan mutanen da ba su da sana'ar da ake nema ne suka yi ta, kuma ba masu wurin ne suka kira su ba, yawancin amfaninta matafiyin ne ke dawowa da shi. Ba laifi ba ne mutum ya amfana, amma a faɗi gaskiya kafin a zaga da kwanon baiko. Kowane aikin sa-kai, na kusa ko na nesa, tambaya biyu nake yi masa: wa ya nemi a yi, kuma wa zai kasance a wurin bayan wata shida?

A fara da lissafi

Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.6 daga majami'un Amurka ke fita ƙasashen waje kowace shekara don irin wannan gajeriyar tafiya. Amurka kaɗai ke nan, ba a sa Koriya ta Kudu da ƙasashen Turai ba. Kowane mutum ɗaya akwai tikitin jirginsa, da biza, da rigakafi, da masauki, da motar da za ta yi ta yawo da shi, da tafinta.

Bayan mahaukaciyar guguwar Mitch ta ragargaza ƙasar Honduras a 1998, ƙungiyoyin majami'u daga Amurka da Kanada sun yi ta zuwa gina gidaje. Wani malamin jami'a, Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe yana zaune a ƙasar, ya bi diddigin aikin. Ya gano cewa ayarin baƙi yana kashe sama da dala 30,000 kafin gida ɗaya ya tsaya, idan aka haɗa da kuɗin tafiya, alhali ƙungiyar Kirista ta 'yan ƙasa tana gina irin gidan da dala 2,000. Gida goma sha biyar ke nan a madadin ɗaya. Da ya kwatanta iyalan da baƙi suka gina musu da waɗanda 'yan ƙasa suka gina musu, bai ga wani bambanci mai ɗorewa a rayuwarsu ba.

Akwai kuma wanda lissafin bai ambata ba: birkilan garin, da kafinta, da mai fenti. Ƙasar da guguwa ta rusa ba hannaye ta rasa ba. Mutane ne zaune babu aiki, sun iya gini fiye da ɗalibin da bai taɓa kwaɓa siminti ba. Duk bangon da baƙo ya yi wa fenti kyauta, ladan kwana biyu ne aka hana wani magidanci.

"Ai tafiyar tana canja zuciya"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba na raina ta. Wanda bai taɓa ganin rayuwar da ba tasa ba, idan ya gani da idonsa, wani abu kan motsa a ransa. Na san masu hidima na gaske da daga nan kiransu ya fara.

Sai dai Ver Beek bai tsaya ga abin da matafiyan suka faɗa ba. Sun ce masa tafiyar ta sauya su, sun ƙara bayarwa. Da ya duba littafin baikonsu, bai ga wani ƙari na a-zo-a-gani ba. Ba ƙarya suka yi masa ba, haka suka ji a ransu. Amma ji daban, ɗabi'a daban, kuma abin da ba a shayar da shi bayan dawowa yakan bushe.

In ma mun yarda zuciya ta canja, to tafiyar karatu ce, kuma matafiyi shi ne ɗalibi. Sai a kira ta da sunanta: ziyarar koyo. Mutum ya je ya zauna a gaban dattawan ikilisiyar can, ya saurara, ya ci abin da suke ci, ya dawo. Wannan abu ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi kuɗin gwauruwa da sunan taimakon matalautan wata ƙasa, alhali kuɗin makarantar ɗanmu ne muke biya.

Gidan marayu

A nan maganar ta wuce asarar kuɗi, ta shiga cutarwa.

Ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children da Lumos sun daɗe suna bayyana cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su can, ko neman makaranta, ko naƙasa. A Kambodiya, hukumar UNICEF ta ruwaito cewa yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da baƙi masu ziyara ke ta ƙaruwa. Dalilin a fili yake. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi don su ga marayu, za a sami wanda zai samo musu marayu. A je ƙauye a yi wa uwa alkawarin karatu, a ɗauke ɗanta, a hana shi ambaton iyayensa a gaban baƙi. Wani wurin ma da gangan ake barin ginin a lalace, don gyararren gida ba ya jawo tausayi. Abin ya kai har ƙasar Ostireliya, a 2018, ta zama ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bauta ta zamani.

Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, an kama wasu Amurkawa goma 'yan majami'a a kan iyaka, suna ƙoƙarin ƙetarawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba. Daga baya aka gano da yawa cikin yaran suna da iyaye. Mai yiwuwa yawancin mutanen nan niyyarsu ceto ce. Niyya ba ta hana su raba 'ya'ya da dangi ba.

Ko a gidan da ake riƙe da amana, ka tsaya a matsayin yaron. Wata baƙuwa ta zo, ta goya shi, ta kira shi ɗanta, ta yi kuka ranar tafiya. Bayan mako uku wata ta zo, haka dai. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma yaron da aka rena da raɓa yakan koyi ɗayan biyu: ko ya liƙe wa duk wanda ya shigo, ko ya daina yarda da kowa. Baƙi kan ga yara sun rugo sun rungume su, su ce ka ga ƙauna. Masu aikin kula da yara sun san wannan rugowa alamar rauni ce.

Ka tambayi kanka kuma: da wasu mutanen da ba a san su ba, ba su jin harshenmu, ba wanda ya binciki tarihinsu, za su sauka su shiga ɗakin kwanan 'ya'yanmu su ɗauki hotuna su watsa a Facebook, za mu yarda?

"Amma an ce ku tafi cikin duniya duka"

Yesu ya faɗa wa almajiransa haka a Littafi Mai Tsarki, kuma ni mai gaskata wannan ne. Kada kuma a ɗauka ina cewa sai gida ya ƙoshi a kai wa dawa. Da za a jira gida ya ƙoshi, da ba wanda zai taɓa taimakon kowa.

A duba dai yadda masu bi na farko suka tafi. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, yana ɗinkin tanti da hannunsa don ya ci abinci. A Afisa ya yi shekara uku. Da talauci ya matsa wa ikilisiyar Urushalima kuwa, bai ɗebi jama'ar Makidoniya da Akaya ya kai su ziyara ba. Gudummawa ya tara, ya sa amintattu kaɗan suka raka ta.

Wani abu kuma da ake mantawa: yawancin ƙasashen da ake zuwa cike suke da masu bi. Honduras ƙasar Kiristoci ce. Yau Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun fi na Turai yawa. Sau da dama ayarin yakan tarar da fasto ɗan ƙasa wanda ya shekara ashirin yana hidima a wurin, ya san kowane gida da matsalarsa, ba shi da ko babur. Sai ya ajiye aikinsa na mako biyu ya zama direba da tafinta.

Masu tafiyar da na fi girmamawa su ne irin Catherine Hamlin. Ita da mijinta Reginald, likitoci ne Kiristoci, sun isa Habasha a 1959 da kwangilar shekara uku. Suka tarar da mata masu yoyon fitsari sakamakon doguwar naƙuda, waɗanda kowa ya guje su. Suka zauna. A 1974 suka buɗe asibiti na musamman a Addis Ababa, kuma a can ta rasu a 2020 tana da shekara 96. Cikin waɗanda suka horar akwai Mamitu Gashe, wadda ta zo asibitin a matsayin majinyaciya, ta koyi aikin a gefensu har ta zama ƙwararriya mai koya wa likitoci. Wannan tafiya ce da ta bar aiki a hannun masu ƙasa.

Gajeriyar tafiya ma tana da wurinta. Likitan ido da asibiti ya gayyato ya yi wa mutane aikin yanar ido na kwana goma, ko injiniyan da aka kira ya gyara injin da ya gagari kowa ya kuma koya wa wani, wannan ya tafi da albarka. An neme shi, ya zo da abin da babu, akwai kuma wanda zai duba majinyatan bayan ya tashi.

Abin da shara ke yi

Mu dawo kan magudanar ruwa. Muna raina shara ne don kullum muna ganinta. Leda da gorar roba su toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, ruwan ƙazanta ya shiga inda ake ɗiban na sha, yara su kama amai da gudawa. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya rasa hanya ya bi cikin ɗakuna. Bangladash ta hana amfani da siraran ledoji tun 2002, bayan an ga yadda suke toshe magudanai a lokacin ambaliya. A Akra, daren 3 ga Yunin 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai inda mutane suka fake, fiye da 150 suka mutu, kuma toshewar magudanai na cikin dalilan da aka bayyana.

Wanda ya shiga kwata da shebur kafin ruwan farko, aikin lafiya yake yi, ko da ba zai taɓa sanin yaron da bai kwanta asibiti ba saboda shi. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da hadisi ingantacce da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Mu kuma an ba mu misalin Basamariyen da ya tsaya wa mutumin da ya tarar a kan hanyar da yake bi. Ban san inda muka samo koyarwar cewa hidima sai da fasfo ba.

Aikin kuma yana iya girma. A Istoniya, ranar 3 ga Mayun 2008, kimanin mutum 50,000 suka fito, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, suka kwashe shara wajen tan 10,000 cikin sa'o'i biyar. Kafin ranar sun riga sun zaga ƙasar sun sa kowace bola a taswira. Daga nan Ranar Tsabtace Duniya ta samo asali, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 20 ga Satumba. A Mumbai, wani lauya mai suna Afroz Shah da maƙwabcinsa dattijo suka fara kwashe sharar bakin tekun Versova a Oktoban 2015, su biyu, kowane ƙarshen mako. Mutane suka yi ta ƙaruwa. A Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin, bayan kusan shekara ashirin ba a gan su ba.

Abin da ya fi burge ni a aikin shara shi ne ba ya barin mutum ya ruɗi kansa. Ka share yau, jibi za ka bi ta wurin. In ta dawo za ka gani, dole ka tambayi daga ina take fitowa, dole ka yi magana da mai shagon da ke zubarwa, wanda gobe ma za ku gaisa. Mai tafiyar mako biyu ba ya ganin fentinsa ya ɓare.

"Aikin hukuma ne"

A nan matashin nan yana da rabin gaskiya, kuma dole in ba shi.

Kwashe shara haƙƙin hukuma ne, da kuɗin haraji. Kamfanonin da ke ƙera abin da ake yarwa su ma suna da nasu alhakin. A Amurka, ƙungiyar Keep America Beautiful da aka kafa a 1953, kamfanonin gwangwani da kwalaba da na abin sha suna cikin waɗanda suka kafa ta. Saƙonta shekara da shekaru shi ne mutane ne ke ɓata gari, su gyara halinsu. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan ya ɗauke ido daga kan mai ƙera kwalabar da ba a mayarwa. Don haka aikin sa-kai na iya zama rufin asiri ga wanda ya kamata a tuhuma.

Abin da ya rage yar da kwalabe a wurare da dama doka ce. Jihar Oregon ta kafa dokar ajiyar kuɗi a kan kwalaba a 1971: ka biya ɗan ƙari lokacin saye, ka mayar da kwalaba a dawo maka da kuɗinka. Jamus ta faɗaɗa irin wannan tsari a 2003, kuma yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan gorunan suna komawa.

Sai dai wa zai kai wa hukuma ƙara da hujja in ba wanda ya shiga kwatar ba? Ƙungiyar Ocean Conservancy, tun da ta fara tsabtace bakin teku a Texas a 1986, masu aikinta ba tsinta kawai suke yi ba, suna rubuta abin da suka tsinta ɗaya bayan ɗaya. Da haka aka san cewa guntun taba sigari ya yi shekaru yana kan gaba. Tun 2018 wasu ƙungiyoyi ke ƙidaya sunayen kamfanonin da ke jikin robobin da aka tsinta, kuma Coca-Cola ta sha fitowa a sahun farko. Mutum ashirin da suka share layi wata shida a jere, suna da rubutaccen adadi da hotuna, idan suka je ofishin hukuma maganarsu ta fi ta mai ƙorafi daga inuwa nauyi.

Mai shara ma yana iya yin kuskuren baƙo. A tara tsibi a bakin titi ba a shirya motar ɗauka ba, ruwa ya mayar da shi kwata, ko a cinna masa wuta yara su shaƙi hayaƙin roba. A tura matasa babu safar hannu inda akwai allurai da fasassun kwalabe. A kwashe robobi da ƙarafan da masu tsinta a bola ke rayuwa da su, ba a ko gaishe su ba, alhali sun fi kowa sanin wurin. Su ya kamata a fara tambaya, kuma abin da ke sayuwa a bar musu.

Ga masu shirya tafiya ta gaba

Kafin a sayi tikiti, a rubuta wa ikilisiyar da za a je a faɗa mata jimillar kuɗin da ayarin zai kashe, har da na jirgi. A ce su zaɓa: mu zo duka, ko mutum biyu su zo da sauran kuɗin, ko a aiko kuɗin kawai.

Wannan tambaya ba za ta yi amfani ba sai an haɗa ta da alkawari. Fasto mai karɓar baƙi da wuya ya ce kada ku zo, don kunya da karamci, kuma don ya san sau da yawa in ziyara ta tsaya taimako ma ya tsaya. Sai an tabbatar masa a rubuce cewa kuɗin zai iso ko me ya zaɓa, sannan za a ji ainihin ra'ayinsa. Wataƙila ya ce ku zo, muna son zumunci. Wataƙila ya ce albashin malamai biyu na shekara ya fi mana fenti.

Gidan marayu kuwa a cire shi daga jerin wuraren ziyara, a juya kuɗin ga masu aikin mayar da yara hannun danginsu da tallafa wa iyalan. Duk matashin da ya rubuta sunansa don tafiya, a duba ko an san fuskarsa a wani aiki na nan kusa wanda ya jure masa tsawon shekara: shara, ko jinyar tsofaffi, ko koyar da yara karatu. Ranar da za a kira masu tafiya gaba a yi musu addu'a, a kira iyayen nan mata masu shebur su tsaya tare da su.